Awon Luningning

Shekara goma sha tara ina goge benen wasu a Hong Kong,
ina aiko kuɗi biyar ga wata,
ina aiko takalmi cikin kwali, kullum ya yi mata kaɗan,
don ƙafar yaro ba ta jiran jirgin ruwa.
Yau ga ni a kasuwar Divisoria ina bin bayanta
kamar baƙuwar da ake tsoron ta ɓata.

Ruwan Manila ya tsuge tun asuba.
Masu tura kaya na ihu a ba su hanya,
ƙamshin soyayyar ayaba na kokawa da warin kwata,
fararen riguna rataye bisa kawunanmu,
amare ɗari, ba kai, ba ƙafa,
iska na kaɗa su suna rusuna mana.

A jakata akwai takardar lissafi, ta yi laushi don ninkewa.
Coci, peso dubu takwas. Kujeru ɗari da ashirin.
Gasasshen alade biyu, dangin Efren sun ɗauki ɗaya.
Kyandir, da igiyar da za a zarga musu a kafaɗa,
da tsaba goma sha uku da ango zai zuba a tafinta.
Na san kuɗin komai.
Ban san ko tana son dogon hannu ba.

A shago na huɗu na nuna wata mai duwatsu,
jelarta kamar ta ɗawisu.
Ta ce, "Nanay, ai wannan ta talabijin ce."
Ta yi dariya, ta kare baki da bayan hannu,
dariyar ƙanwata Milagros, wadda ta rene ta.
Na nemi tawa a ciki, ban samu ba.

Ciniki ma ita ta yi.
Aling Remedios ta yanka dubu goma sha biyar,
yarinya ta juya kamar ba ta da bukata,
taku uku, aka kira ta.
Ni kuwa tuni na zuge jaka,
na saba biya, shi kaɗai na iya daga nesa.

Wadda ta zaɓa ba ƙyalli ko ɗis.
Saƙar zaren abarba ce, shara-shara,
launin madarar da ta kwana,
hannuwanta a tsaye kamar fiffiken malam-buɗe-littafi.
Amma amarya a nan ba ta gwada rigarta kafin ranar,
tsofaffi sun ce auren sai ya wargaje.
Luningning mai digiri ta ce camfi ne,
ta kuma ja da baya, ta ƙi ko saƙala ta a wuya.

Sai awo.
Aling Remedios ta laluba, ta rasa tabarau,
ta miƙo mini tef: "Ke ce uwar? To, riƙe."

Na zagaya ƙugunta. Ashirin da takwas.
Rabona da zagaya ta da hannu biyu
tun tana 'yar shida, a filin jirgi, tana cizon wuyan rigata.
Kafaɗa, sha huɗu da rabi.
Bayan kunnenta ga wani tabo da bai san ni ba.
"Keke ne," ta ce, "ina aji uku. Mun ɓoye miki."
Na ce ɗaga hannu.
Na sake auna abin da na riga na auna,
ita ma ba ta ce an gama ba.

Mai shago ta rubuta a littafinta,
ni ma na kwafe a bayan takardata,
ƙarƙashin kuɗin kujeru.

Muka fito, ruwa ya tsagaita, laka har idon sawu.
Ta ce, "Nanay, saura takalmi."
Na ce mu je.
Wannan karon na zo da ƙafar.